Tarihin Ɗaukar Hoton Wata, Daga Farantin Azurfa Zuwa Wayar Hannu

Daga cikin halittun da Allah Maɗaukakin Sarki Ya sanya a sararin samaniya babu wanda ɗan Adam ya yi sabo da shi kamar wata, domin da tsayuwarsa muke ɗaukar azumi, da tsayuwarsa muke ajiyewa, da shi ake lissafin idda da watannin aikin Hajji, a cikin haskensa kuma yara ke fita dandali tun ba a san wani abu wai shi lantarki ba. Amma duk da wannan tsohon sabo, wanda ya fara ɗaga kyamara ko wayar hannu a daren sha huɗu, alhali yana ganin fuskar wata sarai da idonsa, da farinta da duhu-duhunta, in ya duba abin da na'urar ta kamo ba zai tarar da komai ba sai wani ɗan farin tabo a tsakiyar baƙi, ba siffa ba alama. Galibi kuwa sai ya ɗora wa na'urar laifi, ya ce da ta fi haka tsada da ba ta ba shi kunya ba. Wanda ya bi tarihin wannan sana'a zai tarar cewa irin farin tabon nan shi ne hoton wata na farko da aka taɓa ɗauka a duniya, kuma manyan masana sun sha fama kafin su rabu da shi.

Asalin mas'alar ya girmi kyamara da ƙarnuka masu yawa. Abu Ali al-Hasan ibn al-Haisam, mutumin Basra wanda ya zauna a Alƙahira har ya rasu wajen shekara ta 1040 ta Miladiyya, ya wallafa risala guda a kan hasken wata, inda ya kafa hujja cewa hasken daga rana yake, amma wata ba ya mayar da shi yadda madubi ke yi, sai dai kowane ɓangare na jikinsa da rana ta taɓa yana watsa hasken ta kowace fuska. Ya kuma rubuta wata risalar a kan siffar kusufi, inda ya bayyana yadda hasken da ya shigo ɗaki mai duhu ta ƙaramar kafa yake zana surar ranar da ta kisfe a jikin bango. Wannan ɗaki mai duhu shi ne kakan kowace kyamara, abin da ya rage kawai shi ne a sami abin da zai riƙe surar kada ta gushe. Kafin a same shi kuwa, hannu da alƙalami su ne madogara. Galileo na ƙasar Italiya ya kafa madubin hangen nesa a kan wata a 1609, ya zana duwatsu da ramukan da ya gani, ya buga su a 1610. A 1651 kuma wani malamin falaki, Riccioli, ya raɗa wa ramukan sunayen magabata, shi ya sa har yau taswirar wata ke ɗauke da sunayen al-Battani da al-Sufi da al-Zarƙali da Halifa al-Ma'amun, a lafazin Latin. Sai dai mai zane mutum ne, idonsa na gajiya, hannunsa na karkata wajen abin da zuciyarsa ta riga ta raya masa, har ya zama masana biyu su dubi rami ɗaya a dare ɗaya su fito da zane biyu da ba su yi kama ba.

Da Louis Daguerre na birnin Paris ya gano yadda ake goge farantin jan ƙarfe da aka shafe da azurfa, a turara shi da aidin har ya zama mai jin haske, a sa shi a kyamara, sa'an nan a fito da surar da tururin zaiba, tun kafin a bayyana wa jama'a sirrin sai da ya gwada shi a kan wata, a farkon Janairun 1839. Abin da ya samu shi ne fari-fari marar siffa. Duk da haka François Arago, shugaban gidan nazarin taurari na Paris, wanda shi ya gabatar da wannan hikima gaban majalisar masana a ranar 7 ga watan, ya yi murna da tabon ƙwarai, domin a wurinsa dalili ne cewa hasken wata, duk da rauninsa, yana iya yin tasiri a kan azurfa. Har ya yi bushara da cewa taswirar wata, wadda ke cin ran masana shekara da shekaru, za a riƙa yin ta cikin 'yan mintoci. Farantin bai daɗe ba, domin gobara ta cinye ma'aikatar Daguerre a watan Maris na wannan shekarar, busharar Arago kuwa sai da ta jira kusan shekara sittin.

Sababin wahalar abu biyu ne da suka haɗu. Na farko, hasken cikakken wata bai kai kashi ɗaya cikin dubu ɗari huɗu na hasken rana ba, farantin azurfa kuwa ko da tsakar rana sai ya yi mintoci kafin ya kama sura. Na biyu, wata ba ya tsayawa a jira shi: saboda juyawar ƙasa, kowane minti biyu yana gusawa yamma da gwargwadon faɗin jikinsa, ta yadda in an bar idon kyamara a buɗe minti ashirin, zai ratsa faɗinsa sau goma, ya bar zane mai tsawo a maimakon fuska. John William Draper, haifaffen Ingila mai koyar da ilmin kimiyya a Jami'ar New York, shi ya fara cin nasara a kan wannan a watan Maris na 1840, lokacin da ya hau soron jami'ar, ya yi dabarar madubi mai juyawa da ƙarfin agogo domin ya riƙa bin wata, ya bar farantin yana shan haske minti ashirin, ya fito da hoton da faɗinsa bai wuce inci ɗaya ba, amma ana iya bambance wuraren duhu da na haske a cikinsa. A ganina wannan ƙaramin faranti ya fi manyan hotunan da suka biyo baya daraja, domin a kansa ne aka tabbatar cewa abin mai yiwuwa ne.

Bayansa sai John Adams Whipple, mai ɗaukar hoto na kasuwa a birnin Boston, wanda ya haɗa gwiwa da William Bond da ɗansa George, masu kula da gidan nazarin taurari na Harvard, inda aka kafa madubin hangen nesa mai faɗin inci 15 a 1847, wanda a zamaninsa babu wanda ya kai shi girma a irinsa sai takwaransa na Pulkovo a Rasha. Tun daga 1849 suke gwadawa suna samun hoto dishi-dishi, alhali in sun leƙa da ido komai tsaf yake, har sai da suka fahimci wata daƙiƙar mas'ala: gilashin na'urar an gyara shi ne domin hasken da idon mutum ya fi ji, wato rawaya da kore, farantin azurfa kuwa shuɗin haske ya fi ji, shi kuma yana taruwa a wani wuri dabam kaɗan da inda ido ke ganin sura ta daidaita. Da suka gusar da farantin zuwa inda ido ke cewa ba daidai ba, sai hoton ya fito. A 1851 aka kai ɗaya daga cikin hotunansu babban bajekolin London, aka ba shi lambar yabo, mutanen da ba su taɓa leƙa madubin hangen nesa ba suka tsaya suna kallon ramukan wata a tafin hannu.

Cikin masu kallon akwai Warren De la Rue, attajiri mai masana'antar takarda, wanda ilmin falaki ya zame masa abin sha'awa. A wannan shekara ta 1851 kuma Frederick Scott Archer ya bayyana sabuwar hanya ta shafa wa gilashi wani ruwan magani mai danƙo, a ɗauki hoton tun bai bushe ba, wadda ta rage lokacin daga mintoci zuwa sakan-sakan. De la Rue ya fara a 1852 da madubin da ya goge da hannunsa, mai inci 13, ba shi da agogon bin wata, sai dai a riƙa gusar da farantin da hannu, aikin da ke bukatar mutum biyu su raba dare suna jira, sau da yawa kuma a tashi ba a sami komai ba. Ya ajiye aikin har 1857, da ya sami agogo ya koma. Wanda ya kai abin ga kamala a wannan ƙarni shi ne Lewis Rutherfurd, lauya a New York da ya bar shari'a ya koma duban taurari, wanda ya ga cewa tun da faranti da ido ba sa gani iri ɗaya, gara a ƙera gilashi domin faranti kaɗai, ko da ido ba zai amfana da shi ba. Ya gama shi a 1864, hoton da ya ɗauka a ranar 6 ga Maris 1865 kuma ya zagaya Turai ana mamakinsa.

A nan ya kamata a ambaci wani abu da ya faru a 1874, domin za mu sake gamuwa da irinsa. James Nasmyth, injiniya ɗan Scotland, tare da James Carpenter, sun fitar da littafi a kan wata mai hotunan da suka fi na Rutherfurd fitowa nesa ba kusa ba, kowane dutse da inuwarsa. Hotunan kuwa ba na wata ba ne. Nasmyth ya yi shekaru yana leƙawa yana zanawa, sa'an nan ya gina surar ramukan da farar ƙasa a ɗakinsa, ya haska su daga gefe, ya ɗauki hotonsu. Bai ɓoye wa kowa ba, masanan zamaninsa ma sun yaba, amma duwatsunsa sun fi na haƙiƙa tsini da tsayi, domin ya gina su ne bisa ra'ayinsa cewa aman wuta ne ya haifi ramukan, ra'ayin da bincike ya rushe daga baya aka tabbatar cewa duwatsun da ke faɗowa daga sarari ne suka fafe yawancinsu.

Busharar Arago ta cika a gidan da ya shugabanta. Bayan da Richard Maddox ya ƙago busasshen faranti a 1871, aka huta da shafa magani cikin duhun dare, Maurice Loewy da Pierre Puiseux na gidan nazarin taurari na Paris suka fara aiki a 1894, suka ɗauki hotuna wajen dubu shida, suka zaɓi kaɗan ƙwarai suka buga kashi-kashi daga 1896 zuwa 1910, kundin da ya zama madogarar masana har zamanin kumbo. Wanda ya buɗe kundin zai lura cewa yawancin hotunan ba na cikakken wata ba ne, na iyakar da ke tsakanin haske da duhu ne, kuma dalilin a fili yake ga duk wanda ya taɓa noma: kunyoyin gona da tsakar rana sai su zama kamar shimfiɗaɗɗen fili, amma da hantsi ko la'asar sakaliya kowace kunya na jan inuwarta. A daren sha huɗu rana na bugun fuskar wata kai tsaye, ba inuwa; a daren bakwai ko takwas kuwa tana zuwa masa daga gefe, sai kowane rami ya bayyana zurfinsa.

Daga nan sai al'amarin ya juye. George Eastman ya fitar da kyamarar Kodak a 1888, da Brownie mai dala ɗaya a 1900, hoto ya fita daga hannun masana da attajirai ya shiga hannun kowa, fim kuma ya yi ta ƙara jin haske, har ya zama ciwon mai koyo kishiyar ciwon Daguerre ne: shi haske ya yi masa kaɗan, mai koyo kuwa haske ke yi masa yawa. Yana ganin dare ya yi, sai ya ɗauka dole a buɗe idon kyamara a daɗe, na'urar awon haske da ke cikinta ma haka take zato, domin baƙin sama ya cika mata fuska. Alhali abin da Ibn al-Haisam ya faɗa yana nan daram, wata dutse ne da rana ke dukansa, a can inda ake gani rana ce tsaka, bal ma dutsen mai duhu ne, bai fi kashi 12 cikin 100 na hasken da ya sauka a kansa yake mayarwa ba. Saboda haka masu sana'ar suka gaji wata ƙa'ida daga juna, cewa a tsuke ƙofar haske zuwa f/11, a sa saurin marufi daidai da lambar ISO ta jin hasken fim, wato in tana 100 a ɗauka cikin kashi ɗaya bisa ɗari na sakan, kusan yadda ake ɗaukar mutum a tsakar gida da hantsi. Ɗaya daga cikin mafi shaharar hotunan da wata ya fito a cikinsu a ƙarni na ashirin da irin wannan sani aka same shi. A yammacin 1 ga Nuwamba 1941 Ansel Adams na cikin mota a jihar New Mexico ta Amurka, ya hango wata ya ɗago a kan ƙauyen Hernandez, rana na gab da faɗuwa, ya tsaya ya kafa kyamara, ya nemi na'urar awon haske bai gan ta ba. Sai ya tuna adadin hasken wata da ya haddace, ya yi hisabi a ka, ya ɗauka sau ɗaya, kafin ya juya faranti na biyu rana ta janye daga ƙauyen.

Zamanin kumbo ba ya bukatar dogon bayani. Wata fuska ɗaya yake nuna wa ƙasa, ba wanda ya san bayansa sai a ranar 7 ga Oktoba 1959, da kumbon Luna 3 na Tarayyar Sobiyet ya zagaya ya ɗauki hoto 29, ya wanke fim ɗin a cikinsa, ya aiko da wasu ta rediyo. Ranar 24 ga Disamba 1968 William Anders na Apollo 8 ya ɗauki ƙasa tana ɓullowa daga bayan wata, da f/11 da kashi ɗaya bisa 250 na sakan. Masu shakkar saukar da aka yi a kan wata a Yulin 1969 kan kafa hujja da cewa ba a ganin taurari a hotunan, alhali wannan shi ne abin da ƙa'idar ke hukuntawa, domin marufin da aka gaggauta saboda hasken rana ba zai kama tauraro ba. Duk wanda ya ɗauki hoton wata daidai daga ƙofar gidansa zai ga nasa saman ma baƙi ƙirin ne.

Mai wayar hannu yana da wata matsalar bayan ta haske, wato ƙanƙanta. Da'irar sama daraja 360 ce, wata kuwa, daga nisansa na kilomita 384,400, rabin daraja kawai yake ci, ko yana tsakar sama ko yana gab da ƙasa inda ido ke ganin ya yi girma. Ibn al-Haisam ya riga ya ce wannan girma aikin zuciya ne, kyamara kuma ta gaskata shi. Babban idon waya yana ɗebo kusan daraja saba'in, don haka a hoto mai faɗin ɗigo dubu huɗu wata bai fi ɗigo talatin ko arba'in ba, ba kuwa a zana fuska da ɗigo talatin. Kamfanoni sun nemi mafita ta hanyar koya wa waya siffar wata tun daga masana'anta, har a watan Maris na 2023 aka yi ta cece-kuce bayan wani ya dusashe hoton wata da gangan a allon kwamfuta, ya ɗauka da wayar Samsung, sai ga alamomin da ba sa cikin abin da ya nuna mata sun fito. Kamfanin ya amsa cewa fasahar na gane wata ne ta ƙarfafa bayanansa. Ni dai ina ganin wannan watan Nasmyth ne ya dawo a sabuwar riga, sai dai shi Nasmyth da idonsa ya yi shekaru yana kallo kafin ya gina nasa.

Inda wannan tarihi ya taɓo mu kai tsaye shi ne jinjirin wata. A Nijeriya, daren talatin ga Sha'aban da na Ramadan jama'a kan kasa kunne ga sanarwar Mai Alfarma Sarkin Musulmi, bayan kwamitin ganin wata ya tace shaidun da suka zo daga garuruwa, a 'yan shekarun nan kuma sai ka ga kafin sanarwa hotuna sun fara yawo a wayoyi, wasu na wata ƙasa, wasu na bara. Ya kamata a sani cewa kyamara ta riga ta wuce ido a wannan fage. Masana falaki sun daɗe da lura cewa in tazarar wata da rana ba ta kai wajen daraja bakwai ba ido ba ya ganin jinjiri. Amma a ranar 8 ga Yuli 2013, wato watan da ya zama Ramadan na 1434, wani Bafaranshe mai suna Thierry Legault ya ɗauki hoton jinjiri da rana tsaka, a daidai lokacin haɗuwar wata da rana, tazararsu ba ta kai daraja biyar ba, ta hanyar kare hasken rana da allo da amfani da hasken da ido ba ya gani. Ko irin wannan ya shiga cikin ru'uyar da Shari'a ta rataya hukunci a kanta, mas'ala ce ta malaman fiƙihu, su za su warware ta. Abin da mai hoto zai iya bayarwa shi ne amana, ya faɗi wuri da sa'a da irin na'urar, kada ya yaɗa abin da bai ɗauka ba.

Ga wanda zai fara a ƙasarmu, lokacin hunturu ba abokinsa ba ne, domin hazo na mayar da wata ja-ja ya shafe ramukansa. Daren da ya biyo bayan ruwan sama a damina, ko ƙarshen kaka kafin ƙura ta taso, ya fi. Ya bar daren sha huɗu tukuna, ya fita a daren bakwai ko takwas ga wata tsakanin Magariba da Isha, lokacin da yake can sama kuma sauran hasken yamma bai gama gushewa ba. Ya jingina na'urar a kan katanga ko ya ɗora ta a kan ƙafa uku, ya sa ta jira sakan biyu kafin ta ɗauka domin kada hannu ya girgiza ta, in waya ce ya taɓa fuskar wata a allo ya ja hasken ƙasa har duhu-duhun ya bayyana. Wanda ya sami aron madubin hangen nesa, ko da irin na hannu biyu ne, ya kafa idon wayar a bakinsa, zai ga ramin al-Battani kusa da tsakiyar wata a waɗannan darare.